Jigon Laifi da Hukunci a Rubutattun Waƙoƙin Hausa: Daga Masu Jihadi zuwa Sa'adu Zungur

1.0 GABATARWA

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da kasa rubutattun waƙoƙi gida-gida bisa manyan jigoginsu, wato wa'azi da madahu da tauhidi da furu'a da sira da tarihi da siyasa da sauransu. Wannan rabe-rabe shi ne Mervyn Hiskett ya bi a littafinsa A History of Hausa Islamic Verse na shekarar 1975, sannan Abdulƙadir Ɗangambo ya zurfafa bincike a kan gidan wa'azi a kundin digirinsa na uku na shekarar 1980. Babu shakka rabon ya sauƙaƙa koyarwa da nazari. Sai dai akwai jigogin da ba su zauna a gida ɗaya ba, suna ratsa wa'azi su shiga furu'a, su ɓulla a siyasa. Ɗaya daga cikinsu shi ne jigon laifi da hukunci.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan jigo daga waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19 zuwa waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur na Bauchi a tsakiyar ƙarni na 20. Za a yi ƙoƙarin nuna abubuwa uku. Na farko, marubutan ƙarni na 19 sun tsara azabar lahira a waƙoƙinsu da siffar zaman shari'a, mai tuhuma da shaidu da yanke hukunci. Na biyu, laifuffukan da suka fi matsa wa lamba su ne waɗanda kotun duniya ba ta iya kaiwa gare su, musamman laifin mai mulki da na alƙali. Na uku, da zuwan mulkin Turawa hukuncin da mawaƙi ke tsoratarwa da shi ya fara saukowa daga lahira zuwa duniya, kuma a waƙar Sa'adu Zungur ne wannan sauyi ya fi fitowa fili.

2.0 KALMOMIN LAIFI DA NA HUKUNCI

Kafin a shiga cikin waƙoƙin ya kamata a dubi kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan fage, domin kowace tana ɗauke da nata nauyi. Kalmar laifi aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da kalmar aibi, don haka tun asali tana ɗauke da ma'anar tawaya da abin kunya. Zunubi da saɓo suna nuni ga saɓa wa Allah. Zalunci kuwa ba ya tabbata sai da wanda aka zalunta. Alhaki, wanda shi ma daga Larabci ya fito, shi ne bashin da ke hawa kan azzalumi, kuma Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ta ɓangaren sakamako akwai hukunci, wanda alƙali ke yankewa, da horo, wanda ake yi don gyara, da azaba da uƙuba, waɗanda aka fi jingina su ga kabari da wuta.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da aka saba karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun kasa hukuncin laifi kashi uku. Akwai haddi, wanda nassi ya ƙayyade, kamar na zina da ƙazafi da shan giya da sata da fashi. Akwai ƙisasi da diyya a kan kisa da rauni. Akwai kuma ta'aziri, wanda aka bar wa ganin alƙali ko shugaba. Sharuɗɗan tabbatar da haddi masu tsanani ne, misali shaidu huɗu a kan zina, kuma shubuha tana tunkuɗe shi. Ma'anar wannan ita ce laifi mai yawa yakan wuce ba tare da ya zo gaban alƙali ba. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da aka aikata da abin da kotu ta iya tabbatarwa, shi ne filin da mawaƙin wa'azi ya shiga.

Akwai wani rabo na biyu da ya fi wancan tasiri a waƙa, wato bambancin haƙƙin Allah da haƙƙin bayi. Malamai sun karantar da cewa tuba ta gaskiya tana kankare na farko, amma na biyu ba ya faɗuwa sai an mayar da abin da aka ƙwace ko kuma mai haƙƙi ya yafe. In ba haka ba, za a biya shi ranar ƙiyama da ladan ayyukan azzalumi. Wannan ne ya sa waƙoƙin suka fi zafi idan sun zo kan cin dukiyar maraya da tauye mudu da ƙwacen gona.

3.0 TUSHEN JIGON

Tushen farko shi ne Alƙur'ani da hadisi, inda aka siffanta hisabi da mizani da siraɗi da wuta da ma'abotanta. Labarin Isra'i da Mi'iraji, wanda a cikinsa aka nuna wa Annabi (SAW) jinsunan masu laifi kowane da irin azabarsa, ya ba mawaƙa zubin da suka yi ta bi. Haka nan littattafan Larabci na bayanin lahira da manyan zunubai, irin su Tazkira ta Ƙurɗubi, sun zama rumbun da ake ɗibar siffofi.

Tushe na biyu shi ne halin da ƙasar Hausa ke ciki kafin jihadi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817) ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan Haɓe da su, ya kuma kira wasunsu da sunayensu na Hausa, kamar jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa, wato ƙwace dabbobin talakawa don ɗaukar kayan sarki. Daga cikin manyan tuhume-tuhumen akwai canja hukuncin Allah, ta yadda mazinaci ko ɓarawo ko mai kisa zai ba da dukiya a sake shi. Idan aka lura da kyau, ƙorafin Shehu a nan ya shafi hukuncin kansa: an mayar da shi hanyar tara dukiya, mai hannu da shuni ya fanshi kansa, matalauci ya sha ɗauri. Ashe ke nan tun kafin hijira zuwa Gudu a 1804, batun wanda ake hukuntawa da wanda ake ƙyalewa yana tsakiyar da'awar masu jihadi.

4.0 JIGON A WAƘOƘIN ƘARNI NA 19

4.1 Ire-iren Laifuffuka

Laifuffukan da waƙoƙin wa'azi na wannan ƙarni ke ambata za a iya kasa su uku. Kashi na farko ya shafi aƙida da ibada: shirka da tsafi da bori da duba da barin salla da hana zakka. Kashi na biyu ya shafi zaman tare: zina da sata da ƙarya da giba da annamimanci da saɓa wa iyaye da cin amana da algus a kasuwa. Kashi na uku ya shafi riƙon jama'a: zaluncin sarki da cin hancin alƙali da shaidar zur da bautar da ɗa. Wani abin lura shi ne mawaƙan ba su bin jerin littattafan fiƙihu wajen ba laifi muhimmanci. Giba da annamimanci, waɗanda ba su da haddi ƙayyadadde, sukan sami baitoci masu yawa da siffantawa mai tayar da hankali, har su zarce sata wadda hukuncinta sananne ne. Dalili a bayyane yake. Ɓarawo yana da dogari da alƙali da gidan yari a gabansa, amma annamimi ba shi da mai kama shi a duniya.

4.2 Lahira a Matsayin Zauren Shari'a

Idan aka bi warwarar jigon waɗannan waƙoƙi za a ga suna bin matakan shari'a ɗaya bayan ɗaya. Mutuwa ita ce sammaci wanda ba a ƙin amsawa. Kabari shi ne wurin tsarewa da tambayar farko a hannun Munkari da Nakiri. Tsayuwar ƙiyama ita ce zaman kotu, inda ake miƙa wa kowa takardar ayyukansa. Shaidu su ne mala'iku marubuta da gaɓoɓin mutum da kansu, waɗanda ba a saye su ba a kuma tsorata su. Mizani shi ne awon hujja, siraɗi kuma shi ne hanyar fita, wadda mai laifi ba ya ƙetarewa. Daga nan sai Zabaniyawa su karɓi wanda aka yanke wa hukunci su miƙa shi ga Maliku mai tsaron wuta, a jefa shi ɗaya daga cikin gidajenta bakwai: Jahannama da Laza da Huɗama da Sa'ira da Saƙara da Jahimu da Hawiya.

Wannan tsari ya fito a waƙoƙin Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) irin su Goɗaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama da Tsorace-tsoracen Tsayin Alƙiyama, waɗanda jajis ke koyar da mata 'yan taru a ƙauyuka. Abin da ya ba shi ƙarfi a kunnen mai sauraro shi ne kayan azabar da ake ambata sanannu ne a gari. Bahaushen wancan zamani ya san mari da turu da sarƙa da ƙuƙumi da bulala, ya san Yari da dogarai, ya kuma san Hauni mai zartar da hukuncin kisa. Sunayen wasu waƙoƙin ma sun isa shaida. Akwai Baƙin Mari, wadda ake jingina wa Malam Muhammadu Tukur, akwai kuma Jan Mari. Mari dai shi ne ƙarfen da ake ɗaure ƙafar fursuna ko kangararre da shi. Mawaƙi ya ɗauko abin da ake gani a ƙofar gidan yari ya aza shi a lahira, ta haka gaibu ya zama abin da jiki ya sani. Wannan dabara ce ta alamtarwa wadda ba ta buƙatar dogon sharhi ga jama'ar da yawancinsu ba su karanta Larabci.

4.3 Dacewar Hukunci da Laifi

Wata ƙa'ida da ke gudana a waƙoƙin ita ce sakamako yana zuwa da siffar aiki. Gaɓar da ta yi laifi ita ce ke shan azaba: harshen maƙaryaci da annamimi, cikin mai cin riba da dukiyar maraya, idon mai kallon haram, hannun mai ƙwace. Wannan ya yi daidai da ruhin ƙisasi a fiƙihu, ya kuma dace da tunanin Bahaushe na cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ta fuskar salo, wannan daidaito yana haifar da baiti mai ɓangare biyu, ɗango na farko ya faɗi laifi, na biyu ya faɗi hukunci, sau da yawa da maimaita aikatau ɗaya a duka biyun. Wanda ya ci, a ci shi. Wanda ya ɗaure, a ɗaure shi. Zubin ƙwar biyu da yawancin waƙoƙin wa'azi ke bi ya zama kamar ma'auni mai tafi biyu, kuma wannan daidaituwar ce ke sa baitin ya zauna a ka tun daga ji na farko.

4.4 Laifin Masu Mulki

A nan ne jigon ya fi nauyi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 masu wa'azin jiya sun zama masu mulkin yau, kuma tun kafin a gama yaƙi alamun ɓaraka sun bayyana. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda abin da ya gani na son mulki da tara dukiya a tsakanin jama'ar, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da mahukunta. Waƙar Larabci da ya yi a kan wannan hali tana cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati.

A Hausa, waƙar da ta fi kowace fito da wannan ɓangare ita ce Tabbat Haƙiƙa. Shehu ne ya tsara asalinta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a wajajen 1831, Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi. Waƙar ta bi masu riƙe da al'amuran jama'a ɗaya bayan ɗaya: mai neman sarauta don ya ci talakawa, alƙalin da ke karkata hukunci, mai ƙwace dukiya da ƙarfin mulki, mai bautar da ɗa, mai cuta a kasuwa. Kowane an faɗi laifinsa an kuma faɗi makomarsa. Kowane baiti yana rufewa da kalmomin da suka zama sunan waƙar, kamar yadda alƙali ke buga hatimi a ƙarshen hukunci. Lokacin da aka fassara ta yana da muhimmanci. A 1831 babu sauran Sarkin Gobir a Alƙalawa da za a yi wa gargaɗi. Waɗanda ke kan karaga su ne almajiran Shehu da 'ya'yansu, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Fitar da waƙar daga Fulatanci zuwa Hausa ya sa talaka ya ji da kunnensa sharuɗɗan da aka gindaya wa mai mulkinsa, ya kuma sami harshen da zai auna shi da shi.

Saboda haka bai dace a ɗauki waƙar wa'azi a matsayin abin tsorata talaka kawai ba. Gaskiya ne tana kiran talaka ga biyayya da haƙuri, kuma ana iya cewa jinkirta hukuncin azzalumi zuwa lahira yana sanyaya zuciyar wanda aka zalunta ya hana shi motsi. Amma ita ce kuma kafar da aka yarda a ambaci laifin sarki a bainar jama'a, a bakin makaho a ƙofar masallaci ko a bakin mace a tsakar gida, ba tare da an kama kowa ba.

5.0 BAUCHI DA SAUYIN ƘARNI NA 20

5.1 Shimfiɗa

Masarautar Bauchi tana cikin wannan gado tun farkonsa. Malam Yakubu, almajirin Shehu kuma mai riƙe da tutarsa, shi ya kafa birnin a 1809 ya kuma yi mulki har zuwa 1845. Muhammadu Bello ya rubuta littafi sukutum don amsa tambayoyin da Yakubu ya aika masa, wato Alƙaulul Mauhubu, abin da ke nuna yadda sabuwar masarautar ke neman daidaita mulkinta da shari'a. A Fabrairun 1902 Turawa suka ci Bauchi. Sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki, amma sun hana hukunce-hukunce irin su yanke hannu da jefewa, sun kuma sa hukuncin kisa ya jira amincewar Gwamna. Shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu a 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarki ta yanke bisa fiƙihun Malikiyya, ta nuna ƙarara cewa akwai doka a saman dokar alƙali. A ɗaya ɓangaren kuma, tsarin mulkin En'e ya haɗa wa sarki kotu da 'yan doka da gidan yari a hannu ɗaya, da goyon bayan Razdan. Wannan hali ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a sake dubawa a ƙudurin da ya gabatar a Majalisar Arewa a 1950.

5.2 Sa'adu Zungur

Malam Sa'adu Zungur (1915 zuwa 1958) ya tashi a gidan malamai a birnin Bauchi, ya yi karatun addini mai zurfi, ya kuma yi na zamani a Kwalejin Katsina da Babbar Kwalejin Yaba. A farkon shekarun 1940 shi da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Bauchi, suna cikin jigajigan zauren muhawara na Bauchi da ƙungiyar neman ci gaba ta garin. Mutum ne da ya san Tabbat Haƙiƙa da irinta, ya kuma san yadda ake muhawara a kan tsarin mulki.

A Waƙar Bidi'a, Sa'adu yana tsaye a kan turbar magabata: laifin shi ne ƙirƙiro abin da ba ya cikin sunna da riƙo da al'adun da suka saɓa mata. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa abubuwa uku sun canja. Da farko, wanda ake tuhuma ya tashi daga mutum ɗaya ya koma ƙasa baki ɗaya. Mawaƙin ya jero cututtukan da yake gani a Arewa, kamar karuwanci da daudu da roƙo da jahilci da sakacin shugabanni, yana ɗora alhakinsu a kan al'ummar da ta ƙyale su. Na biyu, hukuncin da yake tsoratarwa da shi na nan duniya ne, wato jin kunya a gaban sauran al'ummu, da komawa baya, da rushewar sarautar da aka gada daga Shehu idan guguwar jumhuriya ta taso. Na uku, ya ba da mafita ta tsarin mulki, inda yake kiran sarakuna su gyara, su yi adalci, su yi mulki da shawara, tun kafin a gyara musu da ƙarfi.

Duk da haka ginin baitocinsa na wa'azi ne. Sharaɗi yana zuwa a gaba, sakamako yana biye, ana maimaita zubi ɗaya baiti bayan baiti har mai sauraro ya san abin da ke tafe. Abin da ya yi shi ne ya riƙe ƙwaryar wa'azi ya zuba mata sabon abu. Inda magabata suka ajiye wuta, shi ya ajiye kunya da faɗuwar mulki. Ta wannan fuska kalmar laifi ta koma kusa da tushenta na aibi. Ba a waƙa kaɗai aka ga wannan karkata ba. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960 ta bar bulalar haddi ga Musulmi a kan shan giya da zina da ƙazafi, amma a bisa fahimtar cewa manufarta kunyatarwa ce fiye da jin zafi.

5.3 Sauran Mawaƙa

Sa'adu bai kaɗaita da wannan sauyi ba. Mu'azu Haɗeja, a waƙoƙinsa na Giya da Karuwa, ya ba da fili mai faɗi ga abin da mai laifi ke girba tun a duniya: ƙarewar dukiya da zubewar mutunci da lalacewar jiki da gudun dangi. Aƙilu Aliyu ya bi hanyar zambo a 'Yar Gagara, inda dariyar jama'a ta zama bulalar. A gefe guda kuma tsohon salon bai mutu ba, domin Imfiraji ta Aliyu Namangi ta ci gaba da tunatar da mutuwa da kabari da hisabi, kuma ta sami karɓuwar da 'yan waƙoƙi kaɗan suka samu. Waƙar baka ta ba da wata murya ta daban a bakin Gambo mai waƙar ɓarayi, wanda ya wasa ɓarawo kamar yadda ake wasa jarumi. Ko a nan mai sauraro yana jin waƙar ne da sanin cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

6.0 WAIWAYE GA WASU ADABAI

Kwatanci da adabin Turai zai ƙara fito da abin da ya keɓanta ga Hausa. Ƙa'idar dacewar azaba da laifi ita ce ginshiƙin ɓangaren wuta na doguwar waƙar Dante ta Italiya a ƙarni na 14, kuma waƙar John Milton ta 1667, Paradise Lost, ta ginu a kan saɓon farko da korar da ta biyo baya. Amma abin da ya fi kusa da wa'azin Hausa ta fuskar masu sauraro shi ne waƙoƙin takarda guda da ake bugawa ana sayarwa a titunan Landan a ƙarni na 16 da na 17, musamman a ranakun rataye masu laifi a Tyburn. Da yawa daga cikinsu an tsara su ne da muryar wanda za a rataye, yana ba da labarin yadda ya faro daga ƙaramin saɓo har ya kai ga kisa, yana tuba, yana gargaɗin matasa.

Bambanci biyu ne ke tsakani. Waƙar Ingila tana da mai laifi mai suna da rana da wurin da aka kashe shi, alhali waƙar wa'azi ta Hausa jinsi take kamawa, wato mazinaci da ɓarawo da azzalumin sarki, ba ta faɗin sunan kowa. Sannan waƙar Ingila takan gaskata hukuncin da hukuma ta riga ta zartar, ita kuwa ta Hausa tana magana a kan hukuncin da ba a zartar ba tukuna, wanda hukumar kanta za ta tsaya a gabansa. Inda suka haɗu shi ne muryar tuba, domin mawaƙin Hausa yakan rufe waƙarsa da sanya kansa cikin masu laifi yana roƙon gafara, don kada a ce ya naɗa kansa alƙali.

7.0 KAMMALAWA

An ga yadda jigon laifi da hukunci ya taso daga nassi da fiƙihu da kuma ƙorafin masu jihadi a kan shari'ar sarakunan Haɓe, yadda mawaƙan ƙarni na 19 suka gina shi da siffar kotu da kayan horon da jama'a suka sani, da yadda Sa'adu Zungur ya juya shi ya fuskanci al'umma da makomarta a duniya. Abin da bai canja ba a tsawon wannan tafiya shi ne tambayar da waƙoƙin ke yi: wa zai hukunta wanda hukunci ke hannunsa? Tambayar ta sake tasowa bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Jihar Bauchi kuma ta bi sahu a 2001, lokacin da jama'a suka yi ta muhawara a kan ko doka za ta hau kan babba kamar yadda take hawa kan ƙarami. Waƙoƙin da aka yi a wannan lokaci, rubutattu da na faifai, sun cancanci a nazarce su a kan wannan ma'auni. Haka kuma akwai buƙatar a tattara rubuce-rubucen ajami da ke hannun gidajen malamai a Bauchi da Katagum da Misau da Jama'are, domin a ga irin gudummawar da malaman gabashin daular Sakkwato suka bayar ga wannan jigo.